Ranar da Muka Sallami Fasto Ba Waƙa

A cocinmu fasto ba ya tsufa wuri ɗaya. In ya yi 'yan shekaru sai manyan gunduma da ke Gusau su ɗauke shi su kai wani gari, su kawo wani. Kuma ba a barinsa ya sulale kamar wanda ya yi sata. Matan zumunta na cocin da zai bari su ke ɗaura anko, su hau bayan motar kayansa da tulun kiɗa da caki, su raka shi da waƙa har ƙofar sabon cocin, su danƙa shi a hannun matan can. Na yi wannan rakiya ba adadi, don ni ce shugabar mata a ɗan cocinmu na Tsafe. Ba don na fi kowa tsoron Allah aka zaɓe ni ba. Na dai fi kowa murya in ana rabon aiki, kuma maigidana shi ne babban dattijon ikilisiya.

Faston da zan ba da labarinsa daga Bungudu aka kawo mana shi. Ban taɓa ganin rawa irin wadda matan Bungudu suka yi a ranar ba. Tun mota ba ta gama tsayawa ba suke dirowa. Shugabarsu, wata mai jiki da ba za ka ce tana iya sunkuyawa ta ɗauki tsintsiya ba, ta yi ta juyi har ɗankwalinta ya faɗa kwata, ko waiwaye ba ta yi ba. Muka tsaya baki buɗe muna cewa lalle mun yi dace, wannan bawan Allah akwai shiga rai.

Da aka zauna cin abinci, shugabar tasu ta ja ni bayan madafa, tana haki.

"Kuna da tsohuwa?" in ji ta.

Na ce muna da su har na bayarwa kyauta.

"Mai jimirin zama nika nuhi, wadda ba ta gaggawa. In mace za ta ohis ɗin fasto, ta tahi da ita."

Kafin in buɗe baki ta ɗauki cinyar kaza ta koma fagen rawa.

In faɗi gaskiya, mutumin ya iya aikinsa. In ya hau bagade yana wa'azi, har masu faci da ke bakin titi kan dakata su saurara. Ya gyara rufin coci da ya daɗe yana yoyo, ya san sunan kowane yaro, ba ya ƙin zuwa jana'iza ko da a tsakiyar damina ne. Abu ɗaya ne muka lura da shi. Addu'ar da yake yi wa maza a tsaye ake yin ta a bakin ƙofa, kafin ka ce amin an gama. Ta mata kuwa, musamman gwauraye da waɗanda mazansu ke aiki a nesa, sai an shiga ofis, an turo ƙofa, kuma hannun da ya kamata ya tsaya a ka yakan manta hanya ya gangaro kafaɗa. Wata ta fito tana gyara mayafi, wata ta fito fuska a murtuke. Ba wadda ta kai ƙara. A lokacin ne maganar bayan madafa ta dawo mini.

Muna da tsohuwar da ta dace. Kowa Kaka yake ce mata. Kunnenta ya yi nauyi, amma idonta ya fi na matashi, kuma in ta zauna wuri sai an ɗaga ta. Ba mu kira taro ba, ba mu yanke shawara ba, abin ya dai zama al'ada. Duk wadda fasto ya ce ta zo ofis sai ta biya ta gidan Kaka da ɗan ƙullin goro ko kwanon kunu. Kaka ta ɗauki sandarta ta bi ta, ta shige ofis ba sallama, ta zauna a kujerar da ke fuskantar tebur, ta zuba wa fasto ido tana tauna. In ya ce, "Kaka, ko za ki ɗan jira a waje?" sai ta ce, "Amin, amin," ta gyara zama. Har ya taɓa faɗa a wa'azi cewa bai ga mai ƙaunar addu'a kamar wannan baiwar Allah ba, ya ce matasa su yi koyi da ita. Mata muka sunkuyar da kai, kafaɗunmu na rawa.

Haka muka zauna shekara da shekaru muna ganin wayonmu ya kai. Sai jikar Kaka ta haihu a 'Yandoto, Kaka ta tafi zaman jego.

A cikinmu akwai wata matashiyar gwauruwa, tela ce, mijinta ya rasu a hatsarin mota ya bar ta da yara ƙanana. Ita ce mai ba mu waƙa. Waƙar zumunta kuwa bayarwa ce da amshi: mace ɗaya ta ɗaga, sauran mu amsa, tulu da caki su biyo baya. Mai waƙa muke kiranta, ni kuma ɗiyata nake ce mata. Fasto ya aika mata cewa ta zo ta auna shi, yana son sabuwar riga. Ta duba, ba Kaka. Ta ce a ranta ai awo ne, da rana tsaka, ta ɗauki tef ɗinta ta tafi.

Ina tsakar gida ina tsince wake ta faɗo mini ba sallama, takalmi a ƙafa ɗaya, hannun rigarta a yage. Ashe fasto ya kulle ƙofa, ya kama ta da ƙarfi. Da ƙyar ta taka masa ƙafa ta zare sakata ta fito. Ko ɗigon hawaye babu a idonta. A nan dariyar ta ƙare mini. Na ji kunya, na ji fushi irin wanda ke sa kunne ya yi zafi, don yarinyar nan a bayana take tsayawa kowace Lahadi.

"Mama, ni ba ni yin shiru," ta ce. "Sai na hwaɗi gaban dattawa."

Na ce ta faɗa, ni ma zan tsaya mata. Ta kuwa faɗa.

Maigidana mutumin kirki ne, tsohon malamin firamare, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Amma akwai abin da yake tsoro fiye da maciji, wato a ji maganar coci a waje. Da ya dawo daga zaman dattawa ya rufe ƙofa, ya rufe taga, ya rage murya kamar mai sayar da kayan sata.

"Ki ja ma matanki kunne. Mu ƙalilan na cikin garin ga. In maƙwabta sunka ji, da wane ido za mu dube su?"

Washegari na kai dawa injin niƙa. Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu, wadda muke musayar tuwon salla da shinkafar Kirsimeti tun 'ya'yanmu na goye, ta matso kusa da ni.

"Sannu da haƙuri, maƙwabciya. Yaya jikin ɗiyar taku? Ai mu tun da munka ga kullum ana jan tsohuwar ga zuwa ohis munka san akwai magana. Allah dai shi kyauta."

Mai injin ma ya gyaɗa kai. Na koma gida na faɗa wa maigida cewa ya iya buɗe tagarsa ya sha iska, don a duk unguwar dattawan coci ne kaɗai ke zaton abin sirri ne.

Da magana ta ƙi kwanciya, gunduma ta turo kwamitin bincike daga Gusau. To a al'adarmu, baƙon ikilisiya gidan fasto yake sauka, ba wanda ya taɓa tunanin a canja. Saboda haka masu binciken suka sauka a falon wanda suka zo bincika. Shi ya tarbe su a bakin mota, shi ya karɓi jakunkunansu, shi ya zuba musu ruwan wanke hannu. Ni da matarsa muka yi girki. Mace ce siririya mai shiru, kowa Maman coci yake ce mata. Muka yi ta fama da tukwane, ba ta ce mini komai ba sai "miƙo gishiri". Na so in ji haushinta, na kasa.

Kwamitin bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kuma tun a bakin ƙofa suka ce dole su kama hanya kafin la'asar, don hanyar Gusau ba ta yamma ba ce a wannan zamanin. Aka yi gaisuwa, aka tambayi iyali da damina. Aka ce a buɗe da addu'a, kuma tunda mai masauki ne ke buɗewa, fasto ya miƙe ya roƙi Allah ya tona asirin maƙaryata, kwamiti ya ce amin. Aka ci tuwon shinkafa da miyar taushe da zabi. Shugaban kwamitin ya nemi ƙari, sannan ya ɗan kishingiɗa don abinci ya faɗa. Abin da ya rage na binciken bai kai lokacin da na ɓata wajen fige zabin ba.

Aka taru a coci, maza gefe, mata gefe. Aka kira mai waƙa. Suka tambaye ta abin da ta sa a ranar, da dalilin da ya sa ba ta yi ihu ba, da ko tana da niyyar sake aure. Ta amsa duka tana tsaye ƙyam. Sai shugaban ya ce ƙa'idar coci ba ta karɓar ƙara a kan bawan Allah sai da shaidu. Na miƙe na ce ni na ga rigarta a yage. Ya ce, "Mama, kin ga rigar, ko kin ga mai yagawar?" Na ce in mutum zai yi irin wannan aiki ai ba ya aika goron gayyata. Maigidana ya yi tari daga gefen maza.

Daga nan shugaban ya juyo wajen mata ya ce duk wadda fasto ya taɓa yi wa wani abu a ofis ta ɗaga hannu. Kowace mace ga mijinta ko surukinta zaune yana kallonta. Waɗanda abin ya shafa tun farko suka dubi ƙasa. Sauran kuwa gaskiyarsu ce, ba abin da ya same su, tunda da Kaka suke shiga. Ni ce da kaina na ce a kira Kaka, tunda ta riga ta dawo daga jego, ina ganin na kawo hujjar da za ta gama magana. Aka yi mata tambayar da ƙarfi a kunne.

"Ni dai," in ji Kaka, "duk ranar da nike zaune cikin ohis ɗin nan, ban ga ya taɓa kowa ba. Ko sau guda."

Shugaban ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Ga tsohuwa mai tsoron Allah, ta shekara da shekaru tana shiga ofishin nan, ba ta ga aibu ba." Na yi ta ƙoƙarin bayyana musu dalilin zuwan nata, amma direbansu ya riga ya tayar da mota yana danna oda. Dabarar da muka yi don mu tsare kanmu ita ta wanke shi tas.

Hukunci ya zo bayan 'yan makonni. An sa mai waƙa a horo saboda ɓata sunan bawan Allah. Horo a wurinmu shi ne ka koma bencin da ke can baya kusa da ƙofa, ba ka cin jibin Ubangiji, ba ka waƙa, ba ka magana a taro. Ba za a ɗage mata ba sai ta tsaya a gaban jama'a ta ce ƙarya ta yi, ta nemi gafara. A wannan sanarwar dai aka ce an yi wa fasto canjin wurin aiki zuwa wani coci a Gusau da ya fi namu girma, aka kuma jaddada har sau biyu cewa canjin ba shi da alaƙa da komai.

Na zaci za ta daina zuwa. Ba ta fasa ko Lahadi ɗaya ba. Takan zo da wuri, ta zauna a bencin nan da yaranta, bayanta a miƙe. Masu kawo mata ɗinki suka fara janyewa. Uwar mijinta ta fara cewa yaran ɗanta ba za su tashi a hannun mai ƙage ba. Na ce mata ko za ta ɗan koma wurin danginta har ƙura ta lafa.

"In na tahi, Mama, sun ce ƙarya ta kore ni. Abu guda nika jira. A tashi gaban mutanen ga a ce ban yi ƙarya ba."

A cikin wannan hali na shirya takanas na tafi Bungudu, wai zan sayo albasa. Na sami shugabar matansu a ƙofar gidanta tana bakace. Ko gaisuwar kirki ban bari mun gama ba.

"Ashe rawar da kunka yi muna, ta sauke kaya ta?"

Ta ajiye faifai ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan dariyar ta tsaya. Ta ce su ma wata ta kai ƙara, aka turo kwamiti, aka ci kaji, aka sa ta a bencin baya. Daga ƙarshe ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin. Na ce to me ya hana su faɗa mana a fili, sai wani zancen tsohuwa?

"In mun hwaɗa muku, kuna amsar shi?"

Na ce a'a.

"To kin gani. Da har yau shina nan wurinmu." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ma ki shirya ƙahwahunki, kin kusa rawa."

Abin da ya ba ni haushi shi ne ta faɗi gaskiya. A mota ina komowa na ji wani sanyi a raina cewa mutumin nan zai tafi, mu huta. Rawar ba wuya za ta yi mini ba. Ina isa gida na nemi lambar shugabar matan cocin da za a kai shi, na kira ta, na faɗa mata komai da sunansa, ba kwana-kwana. Daga baya na ji sun tashi tawaga sun je ofishin gunduma, aka ba su lemo mai sanyi, aka ce musu kwamiti ya riga ya wanke shi.

Dattawa suka tsara cewa a ranar bankwana ne mai waƙa za ta nemi gafara, don fasto ya tafi da farin ciki, ita kuma ta koma wurinta. Maigidana ne zai kira ta. A makon nan ya ci tuwo ba man shanu, ya sha kunu ba sukari. Ran Asabar ya gaji ya ce, "Wai ni mi niy yi miki? Gunduma ta yanke, ni bi nika yi." Na ce ai shi ya sa, ni ma girkin bi nake yi.

Ran Lahadi coci ya cika har waje. Mata muka sha anko. An ɗaure ragon da maza suka saya wa fasto a jikin bishiyar da ke bakin taga, motar kaya na tsaye a fili. Aka yi ta jawabai. Ma'aji ya kwatanta fasto da ruwan sama, shugaban matasa ya kwatanta shi da inuwa, wani ya rasa abin da ya rage ya ce shi kamar janareta ne. Fasto na zaune a gaba yana share ido da hankici. Maman coci na gefensa, hannuwanta a cinya.

Sai maigidana ya miƙe ya ce akwai 'yar'uwa da ke da magana. Mai waƙa ta taso daga bencin baya, ta tako har gaba. Ba ka jin komai sai kukan fanka.

"An ce in ce na yi ƙarya," ta ce. "Ban yi ba. Ba ni iya hwaɗin haka cikin ɗakin Allah."

Ta juya ta koma mazauninta. Maigidana ya dubi ma'aji, ma'aji ya dubi rufi. Don a rufe abin da sauri sai aka ce matan zumunta su fito da waƙar bankwana.

Muka fito muka jeru. Mai tulu ta rungume tulunta, masu caki suka ɗaga hannu. Muka tsaya. Wallahi ba mu shirya ba, ba mu haɗa baki ba. Kowace dai ta saba kunnenta na jiran murya ɗaya, muryar kuwa tana can kusa da ƙofa an hana ta. Da na ga haka sai na gyara tsayuwa na bar shirun ya yi tsawo.

"Mata, muna jiran ku," in ji maigidana.

"Baba dattijo," na ce, don a coci haka nake kiransa, "mu 'yan amshi na. Mai bayarwa kun sa ta horo."

Ya ce wata ta bayar mana. Matar ma'aji, wadda ta daɗe tana ganin an danne mata baiwa, ta ɗaga murya. Ta ɗauko ta can sama inda ko ita ba ta iya kaiwa, ta maƙale, ta waiwayo tana neman taimako. Ba wadda ta amsa. Ma'aji ya ga matarsa za ta kunyata, ya miƙe ya ja baitin da kansa da muryarsa ta mai tallan gawayi. Ya kai ƙarshen layi ya dakata don a amsa, sai ragon da ke bakin taga ya amsa masa. Yara suka fashe da dariya, manya suka bi, har shugaban matasa ya faɗo daga benci. Kaka, da ba ta ji komai ba, ta ce, "Amin, amin."

Dattawa suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Can maigidana ya ɗago, gumi na zuba, ya sanar cewa saboda muhimmancin ranar an ɗage wa 'yar'uwa horo na ɗan lokaci, ta zo ta ba da waƙa, in an gama ta koma. Ban san lokacin da na ce "Kai!" da ƙarfi ba. Wato ta zo ta yi wa wanda ya yaga mata riga waƙar rabuwa, sannan ta koma bencinta.

"Na gode, Baba," ta ce daga inda take. "Ku bar ni nan. Ba waƙa nika jira ba."

Haka aka rufe sujada ba waƙa. Aka fita fili ana loda kaya, ba ka jin komai sai ƙarar kujeru da kukan ragon da ake turawa bayan mota. Mata muka koma gindin bishiya muka tsaya, ba wadda ta nufi motar. Fasto ya yi ta miƙa wa maza hannu yana murmushin da bai kai ido ba, ya shiga gaba. Maman coci ta riga shi shiga, tana tsakiya, tsakaninsa da direba. Direba ya tayar da inji.

Sai muka ga ta taɓa kafaɗar direban. Ya buɗe ƙofarsa ya sauka, ta biyo ta nan ta sauko. Muka zaci mantuwa ta yi. Ta ratsa fili a hankali har inda maigidana ke tsaye da sauran dattawa. A duk zamanta da mu ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma ranar har na bakin titi sun ji.

"Baba, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Ta Bungudu ma ba ta yi ba. Ni na sani, shi ma ya sani."

Fasto ya leƙo ta taga ya kira ta da kakkausar murya. Ba ta waiwaya ba sai da ta dubi mai waƙa, wadda ke tsaye a ƙofar coci riƙe da hannun yaranta. Sannan ta juya ta koma, ta hau ta ƙofar direba, ta zauna inda take dā, kusa da mijinta.

Maigidana ya daɗe a tsaye. Na san shi, na san yana tuna gunduma, yana tuna kujerarsa, yana tuna maƙwabta. Sai ya cire hularsa, ya taka har ƙofar coci, a gaban kowa.

"Ɗiyata," ya ce, "gaskiya kinka hwaɗi. Mu munka yi miki ba daidai ba. Ran Lahadi ni da bakina za ni hwaɗi bisa bagade, gunduma ta yi abin da taka so da ni."

Yarinyar da ba ta yi kuka ranar da abin ya faru ba, ba ta yi a gaban kwamiti ba, ba ta yi a bencin baya ba, sai ga ta ta zauna a dandamalin ƙofa tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Na je na riƙe ta, ni ma ina yi. Motar ta fara ja da baya tana neman hanyar fita. Mai waƙa ta ɗago kai ta bi motar da ido, ta kama mini zane.

"Mama, ita fa? Ita kaɗai za ta tahi da shi har Gusau?"

Na dubi gaban motar. Maman coci na zaune a miƙe tana kallon gabanta, shi kuma ya juyo yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, yatsansa a kusa da fuskarta. Na dubi matana, suka dube ni. Mai tulu ta ajiye tulunta a gindin bishiya, masu caki suka zube nasu a kai. Na daka wa direba tsawa ya tsaya. Muka tattare zannuwa muka hau baya ɗaya bayan ɗaya, muka matse tsakanin katifa da rago. Na ƙwanƙwasa gilashin da ke bayan kan Maman coci don ta san muna nan, sannan na ce wa direba mu tafi.